Zane irin na Mario ba filta ba ne, takura ce ta haife shi

Wani ƙanina ya turo min tambaya, ya ce yana ganin wasu zane-zane a intanet masu kama da gem ɗin da muka buga muna yara irin su Mario da Contra, komai ɗigo-ɗigo mai kusurwa huɗu, har ya sauke wata manhaja ya saka hotonsa ta farfasa masa shi amma abin da ya fito ko kusa bai yi kama da nasu ba, sai ka ce hoton da rashin sabis ya hana buɗewa. Yana so ya san ya ake yi, shin ma zane ne na gaske ko wasan yara ne, kuma mutum zai iya cin abinci da shi?

To ƙanina, na fi shekara goma ina aikin zane a kwamfuta, yawanci tambarin kamfani da fasta da katin biki ne ke ciyar da ni, amma wannan zanen na fiksel, wato 'yan ɗigon nan masu kusurwa huɗu da zan riƙa kira gurbi, shi ne wanda nake yi da daddare don raina ke so, kuma kuskuren da ka yi nima da shi na fara. Manhajar nan ba za ta taɓa ba ka abin da kake nema ba, don ita hoton da ke da ɗigo miliyoyi take ɗauka ta dama shi ta rage, shi kuwa mai zanen gem da hannunsa yake ajiye kowane ɗigo ɗaya bayan ɗaya kamar mai zuba 'ya'yan dara a gurbi, kuma kowanne yana da dalilin zamansa a inda yake. Kafin mu zo kan yadda za ka yi, sai ka san abin da ya sa gem ɗin suka yi kamar da suka yi, in ba haka ba za ka ta kwaikwayon fatar abu ne ka bar naman.

Na'urar da yawancinmu muka buga Mario a kanta ba asalin ta Nintendo ba ce, jabu ce, mai kaset ɗin nan ruwan ɗorawa da ake rubuta gem 9999 a jiki amma in ka bi a hankali gem biyar ne ko shida ake ta maimaita maka. Asalinta ita ce Famicom da ta fito a Japan a 1983, aka kai ta Amurka a 1985 da sunan NES, kuma jabun sun kwafi cikinta ne tsaf don haka dokokinsu ɗaya. Sikirin ɗinta gurbi 256 ne a kwance, 240 a tsaye, jimla 61,440, kai kuwa kamarar wayarka in mai megafiksel 12 ce gurbi miliyan 12 take ɗauka a hoto guda. Kalolin da na'urar ta sani gaba ɗaya wajen 54 ne kuma ba ta iya nuna su duka a lokaci ɗaya. Duk wani abu mai motsi, ko Mario ne ko harsashi, da 'yan gutsattsari masu gurbi 8 sau 8 ko 8 sau 16 ake harhaɗa shi, kowane gutsure kala uku kawai aka yarda masa, na huɗun fanko ne don a hango abin da ke bayansa. Sannan in gutsattsarin nan suka wuce takwas a layi ɗaya na kwance na'urar ba ta iya nuna su duka, shi ya sa in abokan gaba suka yi yawa a Contra za ka ga suna ƙyaftawa suna ɓacewa suna dawowa, mu lokacin cewa muke kaset ne ya yi datti, mu zare shi mu hura masa iska har da yawu.

Yanzu dubi Mario kansa. Shigeru Miyamoto ne ya ƙirƙiro shi a gem ɗin Donkey Kong na 1981, kuma duk abin da ka san shi da shi rashin wuri ne ya kawo. Fuskar ta yi ƙanƙanta a zana baki, sai aka sa masa gashin baki, ga shi ya raba hanci da haɓa ga shi an huta da zanen leɓe. Gashin kai zai ba da wahala in yana tsalle, sai aka kifa masa hula. Hannu ba zai fito ba in kalarsa ɗaya da jiki, sai aka sa masa wandon leburori mai igiya a kafaɗa, hannun riga ya zama kala daban, ka ga da ya ɗaga hannu ido zai kama. A Super Mario Bros na 1985 ƙaramin Mario a cikin gurbi 16 sau 16 yake, kala uku. Gem ɗin gaba ɗayansa da kiɗansa da komai kilobayit 40 ne, hoton da aka turo maka ɗazu a WhatsApp ya fi shi nauyi. Don tsimin wuri, gajimaren da ke sama da ciyawar da ke ƙasa zane ɗaya ne, an canza masa kala ne kawai daga fari zuwa kore aka ɓoye ƙasansa, Luigi ɗan'uwan Mario kuma Mario ne aka sake wa fenti, shi kuwa ɗan dodon nan mai kama da naman kaza da kake takewa, tafiyar da kake gani yana yi hoto ɗaya ne ake juya shi hagu da dama. Na yi shekaru ina buga gem ɗin ban lura da maganar gajimaren ba, ranar da aka nuna min sai da na ji haushin kaina.

Akwai wani abu kuma da masu koyo ba sa lissafawa da shi, wato talabijin ɗin da, mai ƙaton ƙeya. Ita ba ta nuna gurbi da kaifin baki kamar sikirin ɗin waya, tana ɗan narkar da gefensa ya shiga na kusa da shi, kuma masu zanen sun san da haka suna amfani da shi. Idan suna son kala ta uku alhali biyu gare su sai su jera su ɗaya nan ɗaya can kamar saƙar tabarma, talabijin ta cakuɗa su a idonka. Ruwan da ke zubowa daga dutse a Sonic na Sega, na 1991, layuka ne a tsaye da fili a tsakaninsu, a tsohuwar talabijin sai ka ga kamar kana hango bayansa ta cikin ruwa, a waya kuwa layukan kawai za ka gani tsirara. Kenan kaifin nan da muke kira kamar gem ɗin da, yaran da ma ba haka suka gan shi ba, ɗanɗanon yanzu ne. Ba laifi ba ne, ni ma shi na fi so, amma ka san wanne kake bi.

Maganar ko zane ne na gaske, wannan gardamar an daɗe da wuce ta. Akwai wani Bafaranshe da ke kiran kansa Invader, ba ya nuna fuskarsa, tun 1998 yake bin bangon birnin Paris da dare yana manna 'yan dodannin Space Invaders da ƙananan tayil irin na banɗaki. Gem ɗin na kamfanin Taito ne, 1978, Tomohiro Nishikado ya yi shi, kuma dodon nan mai kama da ƙaguwa gurbi 11 ne a kwance 8 a tsaye, ka ga tayil ɗaya gurbi ɗaya, ba sai an canza komai ba. Yanzu ayyukansa sun haura dubu huɗu a birane da dama, har a nan Afirka akwai su a Mombasa ta Kenya da Rabat ta Maroko da tsibirin Djerba na Tunisiya, an kai ɗaya tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a 2015, kuma yana da manhaja mai suna FlashInvaders da mutane ke yawo suna ɗaukar hotonsu suna tara maki. Wani aikinsa da ya haɗa fuskar Mona Lisa da abin wasan nan Rubik, ɗan akwati mai kala-kala da ake juyawa, guda 330 an yi gwanjonsa a Paris a 2020 kan yuro dubu 480. Wani Ba'amurke kuma, Cory Arcangel, a 2002 ya buɗe kaset ɗin Mario ya cire komai da komai ya bar shuɗin sama da gajimare suna wucewa a hankali, shi kenan aikin, kuma gidan adana zane na Whitney a New York na riƙe da shi. Gaskiya ni wannan bai taɓa burge ni kamar na Invader ba, dabara ce da in ka gane ta sau ɗaya ta ƙare, amma dai ga shi a bango mutane na biyan kuɗin shiga. A 2012 gidan adana zane na MoMA, shi ma a New York, ya shigar da gem 14 cikin kayan da yake adanawa, har da Pac-Man da Tetris. Waɗanda ni na fi koyo a wajensu su ne eBoy, wasu Jamusawa da suka haɗu a Berlin a 1997, suna zana gari guda cur da motoci da shaguna da ɗaruruwan mutane, dukkansu da fiksel. Dokar gem suka ɗauka suka zana duniyarsu da ita, kuma nan nake so in kai ka.

Ga yadda za ka fara. Tun da waya ce a hannunka, sauke dotpict ko Pixel Studio, in kana da kwamfuta akwai Piskel da ake buɗewa a burauza kyauta, da LibreSprite shi ma kyauta, Aseprite kuma shi ne wanda yawancin masu sana'ar ke amfani da shi, wajen dala 20 yake. In babu ko ɗaya, littafin lissafi mai gida-gida da biro kala uku sun isa, kar ka raina shi, Susan Kare da ta zana alamomin kwamfutar Macintosh ta 1984 a irin wannan takardar ta fara su. Buɗe fili 32 sau 32, kar ka wuce haka ko da hannunka na ƙaiƙayi. Zaɓi kala huɗu ka rufe sauran. Game Boy, ɗan gem ɗin hannu na Nintendo na 1989, da kore huɗu kawai ya yi zamaninsa a sikirin 160 sau 144, mutane kuma ba su fasa kwana a kan Tetris ba. In zaɓen kala na ba ka wuya, shafin Lospec na da jerin kalolin da aka riga aka haɗa, ɗauki na Game Boy ko ka zaɓi huɗu daga jerin PICO-8 mai kala 16.

Kuma kar ka zana Mario. Zana abin da ka sani da ido rufe, ni abin da nake ba masu koyo shi ne adaidaita sahu. Fara da inuwarta kawai, baƙi ƙirin ba komai a ciki, rumfa da gaba mai gangara da tayoyi, ka nuna wa wani a gida, in bai ce adaidaita ba ce to kar ka sa kala, koma ka gyara siffar. A nan za ka ci karo da taya, don da'ira ba ta yiwuwa a gida mai kusurwa huɗu, yaudarar ido ake yi. In tayar gurbi 8 ce, layin sama ka sa huɗu, na biye shida, sai takwas sau huɗu, sai shida, sai huɗu, ka ja da baya ka kalla za ka ga ta zagaye. Cire gurbi ɗaya daga gefe guda ka ga yadda nan take za ta koma tayar da ta yi faci. Haka gangaren gilashin gaba, in za ka sauko ka sauko da tsari, biyu biyu biyu, ko uku biyu ɗaya in lanƙwasa kake so, amma biyu ɗaya uku ɗaya sai layin ya fito kamar ɓera ya gwaguye shi, kuma wannan ne abu na farko da ke tona asirin sabon hannu. Su eBoy duk garuruwansu a kan irin gangare ɗaya aka gina su, gurbi biyu a kwance ɗaya a tsaye.

Sai haske. Ka yanke shawarar inda rana take, a ce sama ta hagu, duk abin da ke kallon can ya yi haske, na ƙasa ta dama ya yi duhu. Masu koyo sukan zagaye gefen abu da duhu su bar tsakiya da haske, sai adaidaitar ta kumbura kamar matashin kai. Kuma inuwar ruwan ɗorawa ba baƙi ake ƙara mata ba, in ka yi haka za ta koma kalar kunun da ya kwana, karkata ta wajen ruwan goro zuwa ruwan ƙasa, inuwar kore kuma ta karkata wajen shuɗi. Ɗigo ɗaya tilo da ke zaune shi kaɗai ba ɗan'uwa kusa, goge shi, sai fa in ido ne ko fitila. Direban kuwa gurbi shida ko bakwai ne duk kansa, ba wurin hanci ba wurin baki, to me za ka sa a gane mutum ne? Hula. Ka ga ka dawo inda Miyamoto ya tsaya a 1981, da kanka za ka gano amsar, kuma wannan ya fi ka kwafi Mario sau ɗari. In kana cikin masu kauce wa zanen abu mai rai, bar kujerar ba kowa, fagen nan cike yake da gine-gine da motoci da bishiyoyi, ƙofar Nasarawa ko tukunyar mai shayi da kofunansa sun ishe ka aikin wata guda.

Wajen fitar da aikin ne mutane da yawa ke zubar da wahalarsu. Na taɓa kai wani zane mai 64 sau 64 wani shagon firintin a buga min a babbar takarda, na yi sati biyu a kansa, yaron shagon ya ja kusurwarsa da linzami ya buɗe shi ya cika takardar, kwamfuta kuma ta yi abin da ta saba wato ta shafe tsakanin gurabe don hoto ya yi laushi, abin da ya fito kamar an shafa masa man kaɗe, ga shi na riga na biya. Laifina ne da ban ƙara girman da kaina ba. Kullum ka ninka da cikakkiyar lamba, sau 8 ko sau 10 ko sau 16, ban da sau biyu da rabi, kuma a wajen ƙara girman ka zaɓi abin da aka rubuta nearest neighbor, shi ne ke barin kowane gurbi da kaifinsa. Sitikar WhatsApp 512 sau 512 ce, kenan zanen 32 ka ninka sau 16, na 64 sau 8. In 1080 kake so na Instagram, fara da fili 60 ka ninka sau 18. Ka ajiye a PNG, JPEG na zuba ƙura a gefen layuka.

Batun kuɗi, eh ana samu, amma ba zan ce maka ka bar abin da kake yi ba. Masu ƙera ƙananan gem har yau suna neman masu wannan zanen, don salon bai mutu ba, Stardew Valley na 2016 mutum ɗaya ne, Eric Barone, ya zana shi ya rubuta shi ya yi masa kiɗa kuma an sayi miliyoyi, Celeste na 2018 a fili 320 sau 180 aka yi shi, masu Shovel Knight na 2014 kuwa kalolin NES suka bi suka ƙara 'yan kaɗan da tsohuwar na'urar ba ta da su. Akwai masu haɗa tarin bishiyoyi da gidaje da mutane su sa a shafin itch.io masu gem na saye. Sai dai wanda zai ba ka aikin gem zai tambaye ka motsi, don haka da ka iya tsayayyen zane ka koyi sa abu tafiya da hoto biyu zuwa huɗu. A gida kuwa abin da na ga yana tafiya shi ne sitika, hoton fuska na shafin sada zumunta, riga, da kofi.

A nan ne kuma maganar kar ka zana Mario ke da dalili na biyu. Mario da Pikachu da Sonic dukiyar kamfanoni ce, kuma Nintendo ba ta wasa da nata, a 2016 ta sa an sauke AM2R, wani gem na Metroid da wani masoyinta ya shafe shekaru yana yi kuma kyauta yake rabawa ko sisi bai karɓa ba. Za ka ce wa zai biyo ka Kano a kan riga goma, wataƙila ba kowa, amma ranar da ka buɗe shago a intanet ko kake son wani kamfani a waje ya ɗauke ka, takardar ƙorafi ɗaya ta isa a sauke kayanka. Salon kuwa ba na kowa ba ne, babu wanda ya mallaki gurbi mai kusurwa huɗu ko kala huɗu. Ka zana Mario don koyo a ɗakinka, ka ƙirga gurabensa ka ga yadda aka yi, wannan karatu ne, na sayarwa kuma ya zama naka.

In sikirin ya gundure ka, abin na fita waje cikin sauƙi tunda duk sana'ar da ake ƙirga gida a cikinta za ta ɗauke shi. Turawa na da wasu 'yan duwatsun roba, Hama na Denmak da Perler na Amurka, ana jera su a faranti mai ƙusoshi 29 sau 29 a ɗora takarda a goga da dutsen guga su manne. Mu nan ba sai ka nemo su ba, matan da ke saƙa jaka da duwatsu da masu saƙar rigar sanyi da kwarashi aikin da suke yi kenan tun kafin a haife ka, ba su zanen a takarda mai gida-gida kawai za su karanta shi su fi ka sauri. Na taɓa ba wata yayata zanen buta mai 24 sau 24, ta kalla ta ce layi na tara ya yi yawa da gida ɗaya, na koma na ƙirga, gaskiyarta. Tayil ma haka, ƙananan nan na wurin wanka da ke zuwa a manne da raga, ka ɓalle su ka jera a katako, amma a bangon gidanku don Allah ba na maƙwabta ba.

Yi adaidaitar nan a 32 sau 32 da kala huɗu, ka ninka ta sau 16 ka turo min in gani. Ka turo ta a matsayin fayil, in ka turo a hoto WhatsApp zai matse ta ya ɓata gefen kuma ba zan iya ƙirga tayar ba.